Makin Bashi Idan Ya Faɗi: Abin da Ke Gyaruwa Nan Take da Abin da Sai an Jira

Mutum zai je neman rance, ko hayar gida, ko sayen mota a biya kaɗan-kaɗan, a karɓi takardunsa da fara'a, bayan 'yan mintuna a dawo masa da su a ce ya yi haƙuri. Ba a zage shi ba, ba a ma yi masa doguwar tambaya ba. Kwamfuta ce ta fito da wata lamba mai alƙaluma uku, lambar kuwa ta yi ƙasa. Wani lokacin ba a hana shi, sai dai a ɗora masa kuɗin ruwa mai nauyi, wanda abokin aikinsa mai albashi daidai da nasa ba zai biya ba. Wannan lamba ita ce makin bashi. A ƙasashen da tsarin ya yi jijiya, tana bin mutum har wuraren da bai zata ba, domin masu gidajen haya da kamfanonin waya da wasu kamfanonin inshora duk suna leƙa ta.

Abin da ya fi damuna a maganar gyaran wannan maki shi ne yadda ake ɗaukar lalacewarsa a matsayin cuta guda mai magani guda. Ba haka ba ne. Abin da ke kayar da maki iri uku ne, kuma kowanne da tsawon jinyarsa. Akwai ƙaryar da aka rubuta a kan mutum, wadda za a iya gogewa cikin wata guda. Akwai nauyin bashin da yake ɗauke da shi yanzu, wanda ke sauka da zarar ya rage shi. Akwai kuma gaskiya mai ɗaci, wato saɓa biyan da ya faru da gaske, wanda yawanci ba ya gogewa sai bayan shekaru. Wanda bai tantance wanne ne nasa ba zai kashe kuɗi da ƙarfi inda ba su da amfani, ya bar inda aikin yake.

Kafin nan, ya kamata a san me lambar take aunawa. Kamfanin Fair Isaac, wanda injiniya Bill Fair da masanin lissafi Earl Isaac suka kafa a Amurka a 1956, shi ya fito da makin FICO na gama-gari a 1989. Makin yana farawa daga 300 ya tsaya a 850. Ƙasa da 580 ana ɗaukarsa mara kyau, daga 670 ne ake cewa ya yi kyau, 800 zuwa sama kuwa ya kai maƙura. A 2006 manyan kamfanonin tattara bayanan bashi uku, Equifax da Experian da TransUnion, suka haɗu suka fito da nasu mai suna VantageScore. Wasu ƙasashen da nasu ma'aunin: a Indiya makin CIBIL yana tafiya daga 300 zuwa 900, a Jamus kamfanin Schufa ne ke riƙe da bayanan, a Najeriya dokar rahoton bashi ta 2017 ce ke tsara aikin kamfanonin bayanan bashi irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Alƙaluma sun bambanta, amma tambayar ɗaya ce. FICO an gina shi ne don ya yi hasashen ko mutum zai yi jinkirin biya na kwana 90 ko fiye cikin shekara biyu masu zuwa. Hasashe ne, ba hukunci a kan halin mutum ba. Albashinsa ba ya cikin lissafin, abin da ya tara a asusun ajiya ma ba ya ciki. Shi ya sa za a ga mai kuɗi da maki a ƙasa, a ga ƙaramin ma'aikaci da maki a sama.

Kuma makin ba ya zaune da kansa. Daga rahoton bashi ake lissafa shi a duk lokacin da wani ya nema, rahoton kuwa shi ne kundin da masu ba da rance ke aika wa bayani kusan kowane wata: wane asusu ka buɗe, yaushe, nawa aka yarje maka, nawa ake binka, ka biya a kan kari ko ka makara. Saboda haka babu wanda ke taɓa makin kai tsaye. Kundin ake gyarawa, lamba ta biyo baya. Kamfanin FICO ya bayyana yadda yake raba nauyi: tarihin biya kashi 35 cikin ɗari, yawan abin da ake bin mutum kashi 30, daɗewar tarihinsa kashi 15, sababbin neman rance kashi 10, nau'o'in bashin da ya taɓa riƙewa kashi 10. Biyun farko kaɗai sun cinye kusan kashi biyu bisa uku. Duk shawarar da ta fi ba da ƙarfi a kan sauran ukun, ta bar jaki tana dukan taiki.

Aikin farko shi ne karanta rahoton, layi bayan layi. Mutane da yawa suna tsoron buɗe shi, wasu don kunya, wasu don sun ji cewa dubawa tana rage maki. Wannan ba gaskiya ba ce. Duban da mutum ya yi wa rahotonsa da kansa ba ya rage komai, ko da kullum zai yi. A Amurka doka ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta ta shafin AnnualCreditReport.com, kuma tun 2023 kamfanonin uku suka mai da shi na kowane mako har abada. A Birtaniya ma mutum yana da haƙƙin ganin nasa kyauta. Dole a karɓi na kowane kamfani daban, domin ba kowane mai ba da rance ke kai bayani ga dukkansu ba, abin da ke cikin wannan zai iya zama babu shi a wancan. Idan kuma an hana mutum rance a Amurka saboda rahotonsa, dole a aiko masa da takardar da ta faɗi manyan dalilai da sunan kamfanin da ya ba da bayanin. Kada a yaga wannan takarda don haushi. A cikinta ne aka rubuta wanne daga cikin cututtukan nan uku ya fi cin makin.

Kuskure a rahoto ba abu ba ne da ake gani jefi-jefi. Binciken da hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta fitar a farkon 2013 ya nuna cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga rahotanninsa uku, kuma kusan kashi 5 cikin ɗari kuskuren nasu ya isa ya sa a tsauwala musu sharuɗɗan rance. Irin abin da ake samu: bashin wani mai suna irin naka ya faɗo cikin kundinka, asusun da ka biya ka rufe yana nan a matsayin ana binka, bashi ɗaya ya fito sau biyu, sau ɗaya da sunan wanda ya ba ka, sau ɗaya da sunan kamfanin da ya saye shi don ya karɓa, watan da ka biya a kan lokaci an sa masa alamar jinkiri, ko asusun da ba ka taɓa buɗewa ba sam, wanda alama ce ta cewa wani ya saci bayananka. Akwai kuma wani mai wuyar ganewa, wato sauya ranar da aka fara saɓa biya a matso da ita kusa, don tsohon bashi ya zama kamar sabo ya ƙara daɗewa a rahoto. Wannan haramun ne a dokar Amurka, amma sai wanda ya duba ranakun da kyau zai kama shi.

Yadda ake ƙalubalantar kuskure yana da muhimmanci kamar kuskuren kansa. Ƙorafin da ya ce "wannan duka ƙarya ne, a cire" ba ya kai ko'ina. Wanda ke aiki shi ne mai kama abu guda: ga sunan asusun, ga lambarsa, rahoto ya ce ban biya na watan Maris ba, ga takardar banki da ke nuna kuɗin sun fita ranar 3 ga watan, ina neman a gyara. A haɗa da kwafi, a riƙe na asali, a rubuta ranar da aka aika. A tura wa kamfanin rahoton, a kuma tura wa wanda ya kai bayanin, domin idan ba a gyara daga tushe ba, wata mai zuwa zai sake aiko da kuskuren ya koma inda aka cire shi. Dokar rahoton bashi ta Amurka ta 1970 ta ba kamfanin kwana 30 ya bincika, abin da aka kasa tabbatarwa kuma dole a cire shi ko a gyara. Idan an ƙi, mutum yana iya sa a manna ɗan bayaninsa a jikin rahoton. A Birtaniya ana ba da damar kalmomi har 200. Kwamfuta ba ta karanta wannan bayani, amma ma'aikacin da zai duba takardar da idonsa zai gani.

Idan satar bayanai ce, magana ta wuce gyaran layi ɗaya. Bayan kutsen da aka yi wa Equifax a 2017, wanda ya shafi mutane kusan miliyan 147, Amurka ta mai da kulle rahoto kyauta daga 2018. Idan an kulle, ba wanda zai buɗe sabon asusu da sunanka sai ka buɗe da kanka, kuma kullewar ba ta taɓa maki.

Cuta ta biyu ita ce wadda na fi son mutane su fahimta, domin a nan ne ake samun sauƙi da wuri. Ga katin bashi, wato katin da banki ke ba mutum ya riƙa sayayya a kan rance har zuwa wata iyaka, tsarin yana duba kashi nawa na iyakar da aka ba ka kake amfani da shi. A ce mutum yana da kati biyu, kowanne iyakarsa 1,000. A na farko ana binsa 900, a na biyu 100. Jimilla ya ci 1,000 cikin 2,000, wato rabi, amma katin farko ya kusa cika, kuma ana duba kowane kati daban baya ga jimillar. A idon lissafin, wanda ya cika katinsa mutum ne da ruwa ya kai masa wuya, ko da bai taɓa makara ba. Idan ya sauke katin farko zuwa 250, jimilla ta koma 350 cikin 2,000, ƙasa da kashi 18. An saba cewa kada a wuce kashi 30, amma wannan ba wata katanga ba ce da aka gina a cikin lissafin. Gwargwadon raguwar abin da ake binka, gwargwadon sauƙin da makin ke samu, waɗanda ke can sama kuwa yawanci ba sa kai kashi 10.

Abin farin ciki shi ne yawancin nau'o'in makin da ake aiki da su ba sa riƙe wannan a zuciya. Suna kallon adadin da aka kai rahoto na ƙarshe ne kawai. Katin da ya cika a watan jiya, idan an sauke shi a wannan watan, da zarar sabon adadi ya shiga rahoto maki zai motsa. Sababbin nau'o'i irin su FICO 10T da VantageScore 4.0 suna waiwayar wata 24 don su ga ko bashin mutum hawa yake ko sauka, saboda haka sauke shi na wata ɗaya don a burge banki ba zai ci gaba da aiki kamar da ba, amma mai ragewa da gaske su ma suna ganinsa.

Akwai wata 'yar dabara a nan da mutane da yawa ba su sani ba. Yawancin kamfanonin kati suna kai rahoton adadin da ke kan takardar lissafin wata ne, a ranar da aka rufe ta, ba abin da ya rage bayan ka biya ba. Mutum zai iya biyan katinsa tas kowane wata amma rahoto ya riƙa nuna shi a cike, don kawai yana biya ne bayan an rufe lissafi. Ya matso da biyan 'yan kwanaki kafin ranar rufewa, sai adadin da za a gani ya zama ƙarami, bai kuma kashe ko sisi fiye da yadda ya saba ba. A nan ne kuma ya kamata a kashe wata tatsuniya mai cutarwa, wadda ke cewa sai ka bar ɗan saura a kati kana biyan kuɗin ruwa kafin maki ya tashi. Babu wannan a lissafin. Wanda ke biya gaba ɗaya kowane wata yana gina tarihi daidai da mai barin saura, bai kuma ba kowa ribar komai ba. Wannan ya shafi duk wanda ke ƙyamar kuɗin ruwa, ko don addininsa ko don aljihunsa.

Haka nan, rufe tsohon kati bayan an gama biyansa abu ne da zuciya ke so, don mutum ya ji ya rabu da alaƙaƙai. Amma a misalin da ya gabata, idan mutumin ya biya na biyu ya rufe shi, jimillar iyakar da yake da ita ta koma 1,000, sai 250 ɗin da ke kan na farko ta zama kashi 25 a maimakon kashi 12 da rabi. In katin ba ya cin kuɗin shekara, barinsa a buɗe ya fi. Sai dai ina da togiya a nan: wanda ya san cewa in dai katin yana aljihunsa sai ya cika shi, ya rufe abinsa. 'Yan makin da zai rasa ba su kai darajar kuɓuta daga sabon bashi ba.

Sai cuta ta uku, mai wuyar sha'ani. Jinkirin biya ba ya shiga rahoto sai ya kai kwana 30, daga nan a riƙa ƙidaya shi 60, 90, 120, kowane mataki ya fi na baya muni, har mai bashin ya fid da rai ya miƙa shi ga masu karɓa, wato kamfanonin da sana'arsu ita ce karɓo bashi. A Amurka irin wannan tabo yana zama shekara 7, ana ƙirgawa daga lokacin da aka fara saɓa biyan. Hukuncin karayar arziki irin na babi na 7 a dokar Amurka yana kai shekara 10. A Birtaniya shekara 6 ne, ko an biya daga baya ko ba a biya ba. Idan bayanin gaskiya ne, babu dokar da ta tilasta wa kowa ya cire shi kafin wa'adinsa. Mutum yana iya rubuta wa mai bashin ya roƙi alfarma, musamman idan sau ɗaya ne cikin shekaru na biya mai kyau kuma akwai dalili kamar rashin lafiya. Wasu suna yarda, wasu ba sa yi. Roƙo ne, ba haƙƙi ba.

Amma shekara bakwai ba tana nufin shekara bakwai na azaba iri ɗaya ba. Tunda makin hasashe ne, abin da ya faru kwanan nan ya fi abin da ya daɗe nauyi. Jinkirin wata uku da suka wuce yana faɗin wani abu game da halin da mutum ke ciki yanzu. Jinkirin shekara huɗu da suka wuce, wanda wata 48 na biya a kan kari suka biyo bayansa, ƙaramin abu yake faɗa. Tabon yana nan a rubuce amma yana dusashewa. Saboda haka aikin da ya fi kowanne daraja shi ne wanda ba shi da armashi ko kaɗan: a tsayar da sabon jinkiri daga yau. Wanda ya makara da kwana 40 ya yi duk yadda zai yi kada ta kai 60. Wanda ke mantuwa ya sa banki ya riƙa cire mafi ƙarancin biya da kansa a ranar da ta dace. Wanda ya ga ba zai iya ba ya kira mai bashin kafin ranar ta zo, domin da yawansu suna da tsarin sassauci ga wanda ya shiga matsi, kuma sun fi sauraron wanda ya zo da ƙafarsa a kan wanda suka yi ta nema yana ɓuya.

Bashin da ya riga ya faɗa hannun masu karɓa yana buƙatar nutsuwa kafin a zaro kuɗi. Da farko a nemi su tabbatar a rubuce cewa bashin naka ne, adadin kuma daidai ne, domin irin wannan bashi yakan wuce hannu da yawa, bayanai su cakuɗe a hanya. Na biyu, a san cewa biyansa ba lallai ya ɗaga maki nan take ba. FICO 9 da VantageScore 3.0 da 4.0 suna yin watsi da wanda aka biya, amma tsofaffin nau'o'in da masu rancen gida suka daɗe suna amfani da su suna ci gaba da lissafa shi. Na uku, wa'adin zaman bashi a rahoto daban yake da wa'adin da doka ta ba mai bashi ya kai ƙara, kuma a wasu jihohin Amurka biyan ɗan wani abu a kan tsohon bashi yana iya sabunta damar kai ƙarar. Ba ina cewa kada a biya ba. Haƙƙin mutane haƙƙin mutane ne, kuma mai ba da rancen gida sau da yawa zai ce a share shi kafin ya sa hannu. Abin da nake cewa shi ne a yi yarjejeniya a rubuce kafin kuɗi su fita: nawa za a biya, ya rufe bashin gaba ɗaya, me za a rubuta a rahoto. Game da bashin asibiti, kamfanonin uku na Amurka sun daina nuna wanda aka biya tun Yulin 2022, daga Afrilun 2023 kuma suka cire wanda bai kai dala 500 ba, saboda an gane cewa bashin rashin lafiya ba ya faɗin abu mai yawa game da riƙon amanar mutum.

Wanda duk asusunsa suka rufe yana da wata matsalar: ba shi da inda zai nuna ya gyaru. Tsohon tabo kaɗai ke magana a kundinsa. FICO ma ba ya fitar da maki sai akwai asusun da ya kai wata 6 da buɗewa da kuma bayanin da ya shigo cikin wata 6 na baya. Ga irin wannan akwai kati mai jingina, inda mutum zai ajiye kuɗinsa su zama iyakar katin, ya riƙa ɗan sayayya yana biya tas. Akwai kuma rancen gina tarihi, wanda ake riƙe kuɗin a asusu har sai an gama biya sannan a miƙa su. Wani kuma ɗan'uwa mai tsabtataccen tarihi zai sa sunansa a katinsa. Kafin a shiga kowanne a tambaya ko suna kai rahoto ga kamfanonin bayanan, domin in ba sa kaiwa an yi aikin banza. Guda ɗaya ya isa. Ba sai an ci sabon bashi don a cika nau'o'i ba, kashi 10 ɗin nan bai kai a jawo wa kai nauyi saboda shi ba.

Yanzu ga masu sayar da gyara. Duk inda mutane suka matsu, akwai mai jiran ya ci da matsuwarsu, tallarsu kuwa iri ɗaya ce: za mu goge maka komai, za mu ɗaga makinka cikin kwana kaza. Abin da yawancinsu ke yi shi ne aika ƙorafi barkatai a kan kowane layi, na gaskiya da na ƙarya, da fatan wani zai wuce kwana 30 ba a amsa ba. Wani lokaci abu yakan fita na ɗan lokaci, sai mai bashi ya tabbatar da shi ya dawo, kuɗin mutum kuwa sun tafi. Amurka ta yi doka a 1996 da ta hana irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi kafin su yi aikin, ta kuma ba abokin ciniki kwana 3 ya fasa yarjejeniya. Duk da haka a 2023 aka yanke wa kamfanonin da ke bayan Lexington Law da CreditRepair.com hukuncin dala biliyan 2.7 a shari'ar da hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta shigar kan karɓar kuɗi tun kafin lokaci. Waɗannan manya ke nan, masu ofis da lauyoyi. Mafi haɗari su ne masu cewa za su ba ka sabuwar lambar shaida ka fara daga farko. Wannan zamba ce, lambar sau da yawa ta wani ce aka sato, kuma wanda ya rubuta ta a takardar neman rance shi ne zai amsa a gaban alƙali. Babu abin halal da kamfanin gyara zai yi wanda mutum ba zai iya yi da kansa ba da takarda da haƙuri.

Kusa da su akwai masu alƙawarin sasanta bashi, waɗanda ke cewa ka daina biyan masu binka ka riƙa tara kuɗin a wurinsu har su nema maka ragi. A watannin da ake jira, jinkiri yana taruwa, tara tana hawa, makin da aka zo ceto yana ƙara nutsewa. Wannan daban yake da ƙungiyoyin ba da shawara waɗanda ba riba suke nema ba, irin su StepChange a Birtaniya, masu zama da mutum su duba shigarsa da fitarsa su tsara masa biya. Wanda bashi ya fi ƙarfinsa da gaske, can ya kamata ya fara.

Kuma a nan ne nake ganin ya kamata a faɗi wata gaskiya da masu ba da shawara kan tsallake. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da yawan waɗanda makinsu ya faɗi ba almubazzaranci ya kayar da su ba. Aiki ne ya ƙare, ko ciwo ya zo, ko aure ya mutu, ko sun tsaya wa wani ya gudu ya bar su da biya. Tsarin yana da wani rashin tausayi a gininsa: wanda ya fi buƙatar rance mai sauƙi shi ake tsauwala wa, tsadar kuma ta sa biya ya ƙara yi masa wuya. Sanin wannan ba ya goge layi ko ɗaya, amma yana sauya tsarin aiki. Idan abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa kowane wata, duk dabarar ranar rufe lissafi ba za ta yi komai ba sai an toshe wannan giɓin. Kuma idan zaɓi ya zama tsakanin kuɗin haya da magani a gefe guda, da kare maki a ɗaya gefen, matsuguni da lafiya ne gaba. Maki yana dawowa.

Ga wanda ya samu ya daidaita kuma yana da babban buri a gaba, kamar rancen gida, watannin ƙarshe kafin ya nema suna son kulawa. Duk neman sabon rance yana barin alama a rahoto har shekara 2, ko da yake FICO na wata 12 kawai yake lissafawa, kuma ɗaya ba ya cin maki da yawa. Tarin su a ɗan lokaci ne ke nuna mutum kamar mai neman agaji ko ta ina. An yi rangwame ga mai kwatanta farashin rancen gida ko na mota: duk tambayoyin da ya yi cikin kwana 14 zuwa 45, gwargwadon nau'in makin, ana ɗaukarsu guda ɗaya, saboda haka ya tattara yawonsa cikin mako biyu. A makin FICO, katin bashi bai shiga wannan rangwame ba. A wannan tsakanin kada ya buɗe sabon asusu, kada ya rufe tsoho, kada kuma ya sa hannu ya tsaya wa kowa, domin bashin da ka tsaya wa wani yana shiga rahotonka kamar naka, in ya makara kai ma ka makara. Ya sake karɓar rahotanninsa duka wata biyu ko uku kafin ya shigar da takarda, ya tabbatar kuskuren da aka cire bai dawo ba, don in ya dawo ya samu kwana 30 ɗin da zai sake ƙalubalantarsa kafin banki ya duba.